Yadda Na Sa Sani Sayar da Naman Kare

Ba zan taɓa mantawa da tafintancin da na yi wa Kawu Mamman a Dapaong ba, zamanin Faransa na riƙe da ƙasar. 'Yan watanni kawai na yi a Kumasi ina dakon goro, amma da na dawo zangon Sokodé ko gaisuwa sai na jefa Ingilishi (har mahaifiyata sai da ta sha "gudu monin").

Kawu mahauci ne, ya tafi da ni Dapaong sayen shanu. A kasuwa muka gamu da wani direba Ba'asante da ya ƙetaro daga Bawku, ba Hausa ba Faransanci, sai Ingilishi. Ashe ya san Sani, ɗan Kawu, wanda ya buɗe rumfar nama a Kumasi, aka daɗe ba labarinsa. Kawu ya ce in tambayi lafiyar yaron.

Mutumin ya girgiza kai ya zuba bayani. Abin da na tsinta kawai shi ne wai sana'ar Sani ta tafi wurin karnuka. Maimakon in nemi ƙarin bayani, sai na gyara zaman hula.

"Kawu, wai Sani ya koma sayar da naman kare."

Kawu ya juya ya bar kasuwar. Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, muka dawo Sokodé ba ko saniya ɗaya. Ya daina fita mahauta don kunya, ya hana a ambaci sunan Sani a gidan.

Da damina sai ga Sani, a rame, da riga ɗaya a wuya. Kawu ya hana shi ƙetare zaure. Dattawan zango suka taru, aka faɗa masa laifinsa, sai ya riƙe baki. Ashe gobara ce ta cinye rumfarsa, jari ya karye. Ya ce "ya tafi wurin karnuka" haka Turawan Ingila ke faɗa idan abu ya lalace farat ɗaya. Wani mai yi musu kiwon doki ya taɓa gaya masa asalin maganar: dokin da ya tsufa ya kasa aiki, yanka shi suke yi su ba karnukan farauta.

Ni kuwa ina rakuɓe a bayan tabarma, ina fatan ƙasa ta tsage.

Kawu ya rungume ɗansa yana hawaye. Da ya natsu, ya dube ni ba ko faɗa.

"Kai kuma ɗana, daga yau shanu za ka riƙa yi wa tafinta."

Tun ranar na san "ban gane ba" ita ma amsa ce, kuma ba ta taɓa raba uba da ɗansa ba.