Yadda Za Ka Sa Masu Jif Su Ɗaga Maka Hannu A Kan Titi

Ɗan'uwa, gyara zama. In ka bi abin da zan faɗa maka tiryan-tiryan, na yi maka alkawari kafin mai ya ƙare a tankinka sai wani mai jif ya ɗaga maka hannu. Ka dai san halinsu: mai jif in ya haɗu da mai irin tasa a hanya, sai su ɗaga wa juna hannu kamar ciki ɗaya suka fito, alhali ko sunan juna ba su sani ba. Ni ba ni da mota, keke ma na aro nake hawa. Amma ni na horar da mijin Yayata, Mai Labule, tun daga ranar da ya sayi tasa har ya yi nasara, kuma komai a gabana aka yi, ina kujerar baya.

Mataki na 1: Ka mallaki jif, ko da ta girme ka

Kada ka ce ai kowace mota ƙafa huɗu gare ta. Wannan maganar marasa ilimi ce. Ita jif ƙafafun nan huɗu duka ke ja, shi ne makanikai ke ce wa fowil. Mai Labule ya samo wata tsohuwa koriya, ƙofar bayanta da igiyar labule ake ɗaure ta, in ta tashi da safe kuwa sai ƙofar maƙwabta ta yi ta rawa. Ya zagaye ta yana shafawa, yana ta dariya shi kaɗai. Haka ake so, kai ma ka yi.

Mataki na 2: Ka shawo kan uwargida

Nan ne wurin aiki. Yaya dai ƙaramar mota ta aike shi ya sayo, wadda za ta riƙa kai yara makaranta, don ta iya tuƙi tun kafin shi. Da ta leƙo ta ga abin da ya tsaya a ƙofar gida, sai ta tambaye shi ko yaƙi za a tafi. Ya ce don sandunan labule ya saya, ta ce sandunan da kake ɗauka a kafaɗa? Sai ya jawo maganar da na koya masa: ai jif ba mota ba ce, dangi ce. Duk mai irinta ɗan'uwanka ne, a hanya ya gaishe ka, in ka maƙale ya tsaya.

Yaya tana ninke kayan yara, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “To madalla. Kafin ƙarshen watan nan, mutum ɗaya daga cikin danginka ya ɗaga maka hannu a gabana. In ba haka ba, ka mayar da ita inda ka ɗauko ta.”

Ya buga ƙirji ya ce ya yarda. Nasiha daga masana: duk sharaɗin da mace ta gindaya maka tana ninke kaya, ta riga ta gama lissafinsa.

Mataki na 3: Ka koyi ɗaga hannun

Ba daga sama ake yi ba. Tafin hannu yana kan sitiyari, yatsu biyu kawai za ka ɗaga, fuska a ɗaure kamar ba ka damu ba. Ka samu murfin tukunya ka riƙe a gaban madubi, ka yi ta gwadawa har yatsun su saba. Mai Labule a shago yake yi da faranti, sai mai sayen labule ya yi sallama ya ƙara yi kafin ya ji.

Amma ka kiyayi zumuɗi. Ranar farko da muka fita, ya hango wata jif fara tana tahowa, murna ta kama shi, ya manta darasi. Ya zuro hannu ta taga ya ware yatsu biyar rangaɗau, saitin fuskar mutumin. Kai, sai muka ji ƙiii! Farar jif ta yi ribas. Wani ƙato ya fito yana naɗe hannun riga, yana tambayar wa ya yi wa daƙƙuwa, kuma me mahaifiyarsa ta yi masa. Da ƙyar muka ba shi haƙuri. Yaya ta ce ta ga wannan ya ɗaga hannu kam, amma mari ya yi niyya, don haka ba ya cikin lissafi.

Mataki na 4: Ka san wanda za ka ɗaga wa

Kada ka ɗaga wa mai ƙaramar mota, zai ɗauka tayarsa ce ta sace. Kada ka ɓata yatsunka kan mai baƙin gilashi. Mai Labule ya rantse ya ji a jikinsa an ɗaga masa daga ciki, Yaya ta ce ita idonta bai ji ba. Wani ya ɗaga hannu muka yi ihu, ashe ƙuda yake kora. Wani kuma ya ɗaga da ƙarfi har yana kunna mana fitila, muka tsaya da murnarmu, ashe mai gidan da aka yi wa alkawarin labule ne tun watan jiya.

Wata ya kusa ƙarewa, Mai Labule ya rame. Da safe sai ka same shi a cikin motar bai kunna ba, ya rungume sitiyari. Wallahi ya ba ni tausayi, don ya ƙaunaci tsohuwar nan har cikin ransa.

Mataki na 5: Ka nemi laka

Masu jif na gaske ba sa ganin girman mota mai tsabta. Ranar ƙarshe ta wata, aka yi sa'a ruwa ya sauka, na ba da shawara mu fita bayan gari, hanyar gonaki, inda suke zuwa wasa da motocinsu ran hutu. Muka iske wani tabo ya tare hanya. Yaya ta ce a zagaye. Mai Labule ya yi murmushin manya ya ce, “Fowil ce fa, Maman yara.” Ya taka mai.

Muka shiga. Ba mu fito ba. Tayoyin nan huɗu duka suka yi ta ja kamar yadda aka faɗa, sai dai ƙasa suke ja.

Mataki na 6: Ka kwantar da hankalinka, dangi na tafe

Ya sauka, laka ta kama shi har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi ke nan. Can sai ga jerin jif sun ɓullo, manya-manya, kowace ta sha laka har rufi. Mai Labule ya manta da yatsu biyu, ya manta da ɗaure fuska. Ya ɗaga hannuwa biyu sama yana kaɗawa, yana ihun a taimaka a ja mu.

Na farko ya dube shi, ya dubi koriyar jif, ya ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari cikin mutunci, ya bi ta gefe ya wuce. Na biyu ma haka. Na bayansa har da ɗan hon. Duk suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya watsa masa ruwan tabo a riga.

Ya tsaya baki buɗe. Sai kuma ya juyo, fuska duk laka, ido ya kawo ruwa don murna. “Kin gani? Maman yara, kin gani da idonki? Ba ɗaya ba, dukansu!”

Yaya ta yi dariya har ta kifa kai a kan gwiwa. Da ta samu numfashi ta ce, “Na gani, Baban yara. Ka ci, ba za a sayar ba. Yanzu tunda danginka sun tafi, kawo makullin, kai da malaminka ku zagaya baya ku tura.”

Mataki na 7: Kada ka taɓa ba da makulli

Wannan matakin a baya na gano shi, shi ya sa ya zo ƙarshe. Yaya ta koma kujerar direba, muka sa kafaɗa, ta lallaɓa motar har ta fito. Maimakon ta tsaya, sai muka ga ta nufi tabo na gaba da gangan, ta ratsa shi, muna jin dariyarta daga nesa. Sai da ta kai ƙarshen hanya ta juyo ta ɗauke mu, shi ma a baya ya zauna.

Tun daga ranar makullin yana cikin jakarta. Ta cika alkawari, ba a sayar da jif ba. Ta ce ita ba ta taɓa ƙin motar ba, direban ne ba ta yarda da shi ba.

Jiya da safe muna bakin titi muna jiran motar haya, Mai Labule ya rungumo sandunan labule, sai ga koriya tafe, yara sun cika baya. Yaya ta hango mu. Fuska a ɗaure, tafin hannu a kan sitiyari, ta ɗaga yatsu biyu tsaf, yadda na sha wuyar koya wa mijinta, ta wuce abinta. Mai Labule ya saki sandunan suka zube a titi, ya ɗaga nasa biyun, bakinsa har kunne. Ya ce da ni, “Ka ga yadda ta iya? Kuma ni ta fara ɗaga wa!”

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba shi da alhakin takalmin da ya nutse, ko marin da mai farar jif ya yi niyya, ko makullin da ya ƙaura zuwa jakar uwargida. Hannu na ce za a ɗaga maka, ban ce za a tsaya ba. In kuma ka gan ni a bakin titi cikin rana, don Allah ka riƙe yatsunka, ka tsaya ka rage mini hanya.