Zanen Hannun Hagu

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jikin? Ko da yake jikin ya fi ƙarfin kujerar nan, ji yadda take kuka a ƙarƙashinka."

Tela ce ke magana. Tana tsaye a ƙofar falo da kwali a hammata, tef ɗin awo rataye a wuyanta, don daga shago ta taho. Wanda take gaisarwa taubashinta ne, ɗan ƙanwar mahaifinta. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa bas, kafin shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi wata uku da suka wuce. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ne ya ƙi. Yana zaune gefen taga, hannun kwance a cinyarsa kamar ajiyar wani.

Kwalin nasa ne. A ciki akwai allon zane, irin kwamfutar nan mai faɗi da ake zane a fuskarta da alƙalami. Shekara goma sha ɗaya yana zane a kai, a tasha in ana jiran fasinja, a gida ranar hutu. Ba sana'a ba ce, so ne kawai, amma mako bai taɓa wucewa bai zana wani abu ba. Ranar Laraba ya miƙa mata allon, ya ce ta ba duk wanda zai amfana da shi.

"Da sauƙi, Gajeriya. Shigo, ba sai kin sunkuya ba, ƙofar ba ta san da ke ba."

"Allah ya shirye ka, bawana. Uwar ɗakinka ta zo ko miƙewa ba za ka yi ba?"

"Me nake gani a hammatarki? Ba aiken ki na yi ba?"

"Ka aike ni, kuma na je. Mutum uku na kai wa. Na farko ya ga zanenka ya ce ba ya ajiye abin tsoro a gidan da ke da yara. Na biyu ya tambaye ni ko hotunan hatsarin mota ne. Na uku ma'aikacin asibiti ne, ya ce a hanzarta kawo mutanen da ke ciki a duba su."

"Ƙarya kike. Ko buɗe shi ba ki iya ba."

"Lambar motarka ce lambar sirrin. Ko akuya ta sani."

"To ai shi ya sa kika sani."

Ta zauna a kan tabarma kusa da ƙafarsa, ta buɗe kwalin. Ta fito da allon, ta fito da wani ɗan matashi mai tudu da ta ɗinka da ragowar yadi, ta kuma fito da ƙaramar leda.

"Wannan na jingina allon ne a cinya, don kada ya zame. Wannan kuma sababbin bakin alƙalami ne. Shago huɗu na shiga kafin na samu. Naka ya cinye kamar haƙorin tsohuwa."

Ya dubi kayan, ya kau da kai wajen taga.

"Mayar da su."

"Mai shagon ya yi ƙaura."

"Yau?"

"Ina fita ya tattara."

"Gajeriya, ba wasa nake ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tuƙi na haƙura da shi. Likita ya faɗa mini, na ce Allah ya sa hakan shi ne alheri. Amma wannan daban ne. Ranar da na dawo gida na ɗauki alƙalamin nan, na ce wa hannun ya rufe, ya ƙi ji. Sau uku yana faɗuwa ƙasa. Hannun nan ya san abubuwan da ni kaina ban sani ba. Ya san yadda kafaɗar mai dako ke saukowa da yamma. Ya san yadda uwa ke riƙe yaro in mota ta yi birki. Duk sun tafi da shi. Ba na son in riƙa ganin allon yana kallo na."

Ta naɗe tef ɗin a yatsa, ta warware, ta sake naɗewa.

"Na ji ka," ta ce. "Amma akwai abin da dangi suka daɗe suna ɓoye maka, yau zan faɗa. Tun da can kowa ya ɗauka da hagu kake zane."

"Ke!"

"Wallahi. Ranar da na ga da dama kake yi sai da na zauna. Na ce ashe da hannun kirki ake wannan ta'asa. To me ka rasa? Wanda ya yi asara shi ne wanda ya iya."

"Ni ban iya ba? Mutum tara ke bibiyar zanena a waya."

"Ni ce uku daga ciki."

"Ke da kike ɗinka wa mutane riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

"Su suke zuwa da hannun a haka."

Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Ta kunna allon, ta yi ta turawa da yatsa har ta tsaya a kan wani zane, ta ɗaga masa. Wani dattijo ne zaune a benci a ƙofar gida, ƙafa ɗaya bisa ɗaya, takalmi ɗaya ya zame yana lilo a yatsa, ya karkata kai wajen ƙaramar rediyo.

"Wane ne wannan?"

"Kawu ne mana."

"Hancin ba na Baba ba ne. Kunnen ma na wani ne ka aro. Amma zaman nan nasa ne." Ta nuna takalmin da yatsa. "Muna da hotunansa cike da jaka, duk a tsaye yake ya ƙame kamar soja, don ba ya son hoto. Babu mai takalmin nan. Shekara shida da rasuwarsa, in na so ganin ubana wannan nake buɗewa a wayata. Ba hannu ne ya ga takalmin ba, bawana. Ido ne. Idon kuma ga shi nan yana harara ta."

Ya juya wajen taga. A waje wata bas ta tsaya, ta sauke mutane, ta tashi. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Zan koma kamar ɗan aji ɗaya," ya ce.

"Ƙarin girma ke nan. Da can ba a ɗauke ka makarantar ba ma."

Ta ɗora masa matashin a cinya, ta jingina allon, ta sauya bakin alƙalamin da kanta, ta sa masa a hagu. Ya riƙe shi kamar mai riƙe cokali. Layin farko ya fita a karkace, ya goge. Na biyu ya tsallake gefen allo. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ajiye, ya numfasa, ya sake ɗauka.

"Matsa cikin haske," ya ce. "Ɗaga haɓa. Rufe bakin, in zai rufu."

Ta zauna cak. Kusan rabin awa ƙaramin sautin alƙalami na tashi a kan gilashi. Sau biyu ya zame masa, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

Daga ƙarshe ya juyo mata da allon. Ta ƙura ido, ta matso, ta ja baya.

"Wannan ni ce ko tukunyar gas?"

"Ke ce. Tukunyar ta fi ki wuya."

"Wannan abin da ya fito a gefe fa?"

"Kunne ne."

"Ina ɗayan?"

"Sai mako mai zuwa. Na gaji."

Ta dube shi, ya dube ta. Dariya ta kubce masa, irin mai girgiza kafaɗa, har sai da ya share ido da bayan hannu.

"Kin ci, Gajeriya. Bar allon. Wannan kuma na ba ki kyauta, zan tura miki."

"Na karɓa. Juma'a zan dawo, kuma ba zan fita gidan nan da kunne ɗaya ba."