Albasar Goggo a Ajin Turanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwanon albasa ya kwance min zani a gaban sufeton makarantu ba. Ko na so in manta ma, tsofaffin ɗalibaina na Mubi ba za su bar ni ba.

Lokacin muna jihar Gongola, ina koyar da Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo wajen Lokuwa. Ban daɗe da dawowa daga Zariya ba, inda na kwashe shekara ina kwas ɗin koyar da Turanci ga wanda ba harshensa ba ne. Na dawo da satifiket, da tabarau (idona lafiyarsa ƙalau), da wani irin ƙaiƙayi na son a san na ƙaro karatu. A ɗakin malamai ba na iya zama ban ce "mu a Zariya" ba. Su kuwa tambayarsu ɗaya ce: wannan takarda me ta ƙara maka? Ina dariya in an yi ta, amma a zuci tana cina, domin ni kaina ban san amsar ba.

Ana haka shugaban makaranta ya kira ni ya ce sufeto zai zo daga Yola, kuma ajina zai zauna. In ya gamsu, ni za a ba shugabancin sashen Turanci. In bai gamsu ba, to kada ya sake jin sunan Zariya a makarantarsa.

Daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. A kwas an koya mana cewa yaro ba ya ɗaukar harshe daga allo, sai an kawo masa rayuwa cikin aji. Na ce to, kasuwa zan kafa, kuma da kaya na gaske. Na hau kekena sai Digil, gidan Goggo Dudu, yayar babana wadda ta raine ni, na roƙe ta aron kwano ɗaya na albasa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Aro? Albasa ne ake aro?" Na rantse mata ko ɗaya ba za ta ɓata ba, wasa ne kawai za a yi. Ta gyaɗa kai, ni kuwa na ɗauka ta gane.

Na yi ta bitar yara har suka haddace: nawa ne, kobo biyu, na gode. A saman allo na rubuta doka da manyan baƙaƙe, duk wanda ya ƙetaro ƙofar nan, ban da Turanci ba a jin komai a bakinsa.

Sufeto ya iso, wani dogon mutum daga wajen Wukari, ya zauna a baya ya ɗora biro kan takarda. Aka buɗe kasuwa. Wayyo! Yaran da a waje ba ka jin kiran sunanka don surutunsu, sai ga shi suna zubo hadda kamar aku, ido a ƙasa. Rahila, mai sayar da albasa, da ƙyar muryarta take fita. Ni kuwa sai kai da kawowa nake, in gyara tabarau, in goge gumi, in saci kallon biron sufeto. Biro ko motsi bai yi ba.

Abin da na manta shi ne ranar kasuwar Mubi ce, kuma hanyar mutanen Digil ta bayan ajina ta bi (makarantar ba katanga, tagar ba marfi). Goggo ba ta jin Turanci, amma ta san kwanonta, ta san kalmar kobo, ta kuma ga yatsu biyun da Rahila ta ɗaga.

"Wanene ya ce a sayar da albasana kobo biyu?"

Kafin in juyo har ta zagayo ta shigo. Kaina yana cewa ka tsaya a kan dokarka, gwiwoyina kuwa ba su nemi shawarata ba. Sai ga ni a durƙushe ƙarƙashin rubutun hannuna, ina jero gaisuwa da Fulatanci: ya gida, ya gajiya, ya mutanen Digil. Ta rungume kwanonta ta juya harshe, domin in ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta.

Sufeto yana jin Hausa, amma ba ya jin Fulatanci. Ya tambayi aji da Turanci me Mama take cewa. Na ɗaga kai ina roƙon yaran da ido. Sai Rahila ta ɗaga hannu.

Jama'a, ban taɓa jin Turanci mai daɗi da ciwo irin na ranar ba. Rahila ta bayyana cewa Goggo ta ce tun ina yaro ban san ciniki ba. Wani ya karɓe: an taɓa aikena tallan gyaɗa na dawo da usur a madadin farantin gaba ɗaya. Aka tsaya gardama kan sunan usur da Turanci, har aka samo. Goggo ta ga ana sauraronta, ta gyara tsayuwa ta ƙara wuta: wai ashe abin da na je koyowa ke nan shekara guda, yadda ake karya tsohuwa. Hannuwa suka tashi ko'ina, har na 'yan bayan aji da ban san muryarsu ba. Wannan ya gyara wa wancan, wancan ya ce a'a, ba haka ta faɗa ba, ta fi haka zafi. Biron sufeto sai gudu yake, ni kuwa ina durƙushe, don ba ta ba ni izinin tashi ba.

A ofishin shugaba na tsaya ina jiran hukunci, kunya kamar in nutse. Sufeto ya ce ya zaga makarantu da dama bai ga inda yara ke rububin yin Turanci ba sai nan. Ya dube ni yana danne dariya ya ce, "Malam, rabin farko na darasinka gawa ne. Rabi na biyu kuwa a riƙa yin irinsa." Aka ba ni sashen.

Don haka in ƙaramin malami ya tambaye ni ko kwas ɗin nan ya cancanci wahala, nakan ce ya je ya yi. Gaskiya suke koyarwa: yaro ba ya buɗe baki sai yana da abin da yake ƙaiƙayin faɗa. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne, babu labarin da ɗalibi ya fi son bayarwa kamar na malaminsa.