Harshen Farfesa da Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Allah yana raba baiwa yadda ya so. Wani a ƙwaƙwalwa ake ba shi, wani a hannu, wani a murya. Shi Farfesa a harshe aka zuba masa tasa, kuma ba a yi masa rowa ba. Shi da kansa ya sha faɗar haka, to wa ya fi shi sani, tunda harshen a bakinsa yake kwana?

Ba jami'a ce ta ba shi farfesancin ba. Mutanen layinsu ne suka laƙaba masa, ranar da ya tsayar da mai shayin bakin titi ya yi masa lacca ta minti arba'in a kan yadda ake juya cokali. Su da tsokana suka faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofar gida da farin fenti.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a wani kamfanin lemon kwalba. In ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse babu kwalbar da ta taɓa fita kasuwa ba ta bi ta kan harshensa ba. Mahassada, wato duk waɗanda suka yi aiki tare da shi, sun ce makullin sito ne a hannunsa: ya buɗe wa buhunan sukari su shiga, ya buɗe musu su fita. Amma a yi wa mutum adalci. Wanda ya shekara talatin yana shaƙar ƙurar sukari ai ba a ce masa bai san sukari ba.

"Ku sukari ɗaya kuka sani," yakan ce wa baƙi, yana shafa tumbi. "Ni goma sha bakwai na sani. In ka ɗiga min ƙwaya guda a nan," sai ya zaro harshen ya nuna da yatsa, "zan gaya maka ko rake ya sha ruwa a shekarar ko bai sha ba."

A gidansa akwai wata kwalba mai shuɗin murfi a tsakiyar teburin cin abinci. Sukarin Farfesa ke nan. Ba mai taɓawa, ba mai cikawa sai matarsa, wata baiwar Allah mai ƙarancin magana da ya saba kira Maman yara. Kullum da safe cokali uku a shayi, da la'asar cokali uku. Kwalbar tana da wata karama: kiyashi ya addabi gidan nan, yana shiga kabad, yana hawa kan burodi, amma bai taɓa kusantarta ba. Farfesa ya lura da wannan, kuma ya fahimce shi daidai. Ko ƙwaro, in ji shi, ya san kayan manya.

Shekara biyu da suka wuce likita ta gaya masa sukari ya fara yawa a jininsa, dole ya rabu da shi. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ga ba ta girmi 'yarsa ta biyu ba, ya ce mata ya ji. Ya dawo gida ya sanar da Maman yara cewa cokali ukunsa na nan daram, kuma an rufe maganar. Ta dai ɗauki kwalbar ta shiga kicin ta ciko masa.

Abin mamaki, da ya koma awo bana, sai likita ta ce jinin ya yi kyau ƙwarai. Ta yaba masa da ya iya daurewa ya bar sukari.

"Na bar me?" in ji Farfesa, yana dariya har da buga gwiwa. "'Yata, cokali shida nake sha a rana! Jinina ne ya fi ƙarfin abin. Ni ba magani ya kamata ku ba ni ba, bincike ya kamata ku yi a kaina."

Wandonsa ma ya fara yi masa yawa, har an ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Wannan kuma, in ji shi, zurfin tunani ne ke cin kitse.

A kan bencin asibitin nan ya ji sauran masu ciwon suga suna kuka da abin da ake ba su a madadin sukari. Wata tsohuwar malamar makaranta ta ce nata yana barin ɗaci a maƙogwaro. Wani tela ya ce nasa kamar ka lashi makulli. Kowa tambayarsa ɗaya: wanne ne ya fi kama da na gaske? Farfesa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ga jama'a cikin duhu, ga shi da fitila a baki. Nan take ya miƙe ya yi musu alkawari, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, cewa a taronsu na wata mai zuwa zai kawo musu amsa.

Bincike ya kankama. Teburin cin abinci ya koma ɗakin gwaji, mutanen gida suka koma cin abinci a kan cinya. Ya zaƙulo tsohuwar farar rigarsa ta sito, wadda maɓalli biyu suka rage mata, ya sa aka goge. Ya hana sa albasa da barkono a girki har sai an gama, don kada a ɓata masa kayan aiki. Ya hana 'yarsa fesa turare a falo. Ya zaga kemis-kemis ya kwaso iri goma sha ɗaya: na ƙwaya, na gari, na ɗigawa, da wanda aka ce daga ganye ake tatso shi.

Iri ɗaya ne kawai ya ƙi saya, wani mai 'yar takarda ruwan ɗorawa da ake rataye wa a kemis ɗin kan kwana, kusa da auduga da filasta. Mai kemis ya ce ai mutane na yabonsa. Farfesa ya ce shi ba mutane ba ne.

Tsarin aikin nasa abin koyi ne. Da farko sai ya haɗa abin da ya kira Kofin Asali, wato shayi da cokali uku daga kwalba mai shuɗin murfi. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Gaskiya ke nan." Sai ya kurkure baki da ruwan ɗumi sau uku, ya jira minti biyar da agogo a hannu, sannan ya kurɓi wanda ake tuhuma. Duk wanda ya kauce wa Kofin Asali ya faɗi. Na ƙwayar ya ce zaƙinsa na munafunci ne, yana yi maka murmushi a gaba ya cije ka a baya. Na ganyen ya ce a mayar wa awaki. Na ɗigawar ya ce yana da ladabi amma ba shi da asali.

Maman yara takan wuce da tsintsiya ta ga yana wannan hidima. Sau ɗaya ta tsaya kamar za ta yi magana. Ya ɗaga mata hannu ba tare da ya buɗe ido ba, ya ce ana aikin ilimi. Ta ci gaba da shararta.

Ranar taro ta zo. A wani ɗaki na asibitin aka jera kujerun roba, mutum kusan talatin. Farfesa ya iso cikin farar riga, kwalbarsa a hammata, Maman yara na biye da shi ta nemi kujerar baya ta zauna. Ya yi jawabi na rabin awa, wanda kashi uku cikin huɗu tarihin harshensa ne. Ƙarshen bincike dai shi ne, babu ko ɗaya da ya kama ƙafar sukari, sai dai a yi haƙuri, kuma shi yana tausaya musu.

Likita ta ce tana da 'yar shawara. Tunda jama'a sun taru, me zai hana Baba ya nuna musu baiwar da idonsu? Za ta haɗa shayi kofi biyar, ɗaya da sukari na gaske, huɗu da madadi, ba tare da ya ga wanne ne wanne ba. Shi kuma ya ware.

Farfesa ya yi irin murmushin da babba ke yi wa yaro ya ƙalubalance shi da tsere.

"Biyar kacal? 'Yata, ki yi hamsin. Kuma ku zama shaida, jama'a. Ranar da harshen nan ya kasa gane sukari, na haramta wa kaina zaƙi, na gaske da na ƙarya, har ƙarshen rayuwata. Shayi ma tsura zan riƙa sha."

Tela ya ce sun shaida. Malamar makaranta ta rubuta a bayan katinta na asibiti.

Aka kawo kofuna a tire. Na ɗaya ya kurɓa ya girgiza kai. Na biyu kuwa, yana taɓa harshensa ya yamutsa fuska, ya furzar a faranti, har ya ɗan zube a kan tebur.

"Subhanallahi! Wannan wane irin zalunci ne? Ga nauyi, ga danƙo, ya liƙe a baki kamar ba shi da wurin zuwa. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa ganin rake ba. A cikin jabu ma wannan shi ne ƙarshen layi."

Na uku ya ce da ɗan dama. Da ya kai na huɗu sai Farfesa ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa, har wata 'yar ƙwalla ta taru masa.

"Gaskiya ke nan," ya ce a hankali. "Na biyar ma a zubar, ba sai na wahalar da kaina ba."

Likita ta ɗaga kofi na huɗu ta ciro takardar da ta manna a gindinsa. Ta zaro wata 'yar takarda ruwan ɗorawa daga aljihu ta ajiye a gefe. Na kemis ɗin kan kwana ne, maƙwabcin auduga da filasta. Sukarin gaske kuwa, ta ce, yana cikin na biyu.

Da wani ne ba Farfesa ba, da ya nemi kujera ya zauna. Shi kuwa ko gezau. Ya ce yarinya ta rikita takardunta, kuma ba laifinta ba ne, aiki ya yi mata yawa. Allah ya sa ya zo da hujja. Ya buɗe shuɗin murfi, ya sa aka haɗa masa Kofin Asali a gaban kowa, ya kurɓa, ya koma ya kurɓi na huɗu. Ya miƙa wa tela, ya miƙa wa malama. Duka suka yarda, babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

"To kun gani!" Ya buga tebur. "Sukarin gidana ke nan, wanda nake sha safe da yamma. Ko shi ma za a ce min na kemis ne?"

Daga kujerar baya wani hannu ya ɗagu, a hankali, kamar mai neman izinin fita.

"Na kemis ne, Baban yara," in ji matarsa. "Shekara biyu ke nan. Tun ranar da ka dawo ka ce an rufe magana. Na ga yadda ciwon nan ya cinye wa yayanka ido, kuma ni ban shirya yi maka jagora ba. Gardama da kai ba ta ƙarewa, shi ya sa na bar maka gardamar na canza abin da ke cikin kwalbar."

Ta faɗa ba da fushi ba, ba da dariya ba. Daga nan ta mayar da hannunta kan jaka.

Farfesa ya juya ya dubi kwalbarsa. Tela kuwa ya matso. Ya leƙa kan tebur ya kira mutane su zo su gani. Kiyashin asibiti, waɗanda ba su yi sito ba, ba su da farar riga, sun jero layi tun daga taga. Sun wuce na ɗaya, sun kewaye na huɗu, sun ratsa ta gefen kwalba mai shuɗin murfi ko kallo ba ta ishe su ba, sun yi dafifi a kan abin da ya zube daga kofi na biyu.

"Farfesa," in ji tela, "ga abokan aikinka nan sun riga ka sa hannu."

Taron dai ya yi amfani, a faɗi gaskiya. Kafin la'asar mai 'yar takarda ruwan ɗorawa ya ƙare kaf a kemis ɗin kan kwana. Ai abin da ya shekara biyu yana wucewa ta gaban harshe irin wannan ba a kama shi ba, ba ya buƙatar wata shaida. Farfesa ya yi wa jama'a alkawarin amsa, kuma ya kawo musu ita a hammata.

Washegari da safe ya fito falo ya tarar an kwashe kofunan gwaji, ƙamshin albasa na tashi daga kicin. Tsakiyar tebur wayam, babu kwalba. Maman yara ta ajiye masa shayi ta tsaya. Ya dubi kofin, ya dube ta. Mutum talatin ne suka shaida, kuma malama ta rubuta.

Ya ɗauka. Don sabo ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa, ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Wannan ai babu komai a ciki!"

"Madalla," in ji ta, tana ɗauke tire. "Ka ga harshen bai mutu ba. Yau kam ka canka daidai."