Yadda Za Ka Hana Tsohuwarka Jin Daɗin Gidan Tsofaffi

Ɗan'uwa, idan ƙaddara ta sa ka kai mahaifiyarka gidan tsofaffi a Kuala Lumpur, to ka sani kai ta ɗin ba shi ne babban abin kunya ba. Babban abin kunyar shi ne ta ji daɗin zaman. Wadda aka bari tana hawaye ana iya cewa larura ce, amma wadda aka je ɗauka ta ce ba yanzu ba, ta gama da kai a cikin dangi. Ga matakai shida. Ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawari cikin mako biyu da kanta za ta ɗaure kayanta. An gwada su duka a kan Hajiya Daso, mahaifiyar Dakta Sharfaddeen, wani malamin jami'a da ke zaune a unguwar Danau Kota.

1. Kada ka kira wurin da sunansa

Hajiya Daso aikin gwiwa ta zo yi a farkon 2020, kafin ta miƙe korona ta sa aka rufe ƙasa. Gidan Dakta yana hawa na sha tara. Shi yana falo yana koyarwa ta kwamfuta, matarsa Khaulah tana ɗaki tana fama da rubutun digirinta, likita kuma ya ce sai an riƙa motsa ƙafar nan kullum. Shi ne Dakta ya kai ta wani gidan tsofaffi a unguwar Cheras, wai na mako biyu.

Ka yi yadda ya yi. Duk wanda ya kira daga Kano, ka ce tana wani sashe na asibiti. Yayarsa Hureira, wadda tambaya ba ta ƙare mata, ita yake tsoro fiye da cutar kanta, domin ranar da ta ji gaskiya, kafin la'asar duk zuri'a ta ji. Bahaushe ba ya kai uwarsa gidan tsofaffi, sai dai sashe.

2. Ka raba ta da allon bango

Kowane irin gidan nan yana da allon da ake rubuta shagalin mako: Litinin motsa jiki, Talata waƙa da lasifika, Laraba shuka a tukwane. Allon nan maƙiyinka ne. Ka gaya mata duk wannan harkar Sinawa ce, ba ta hajiyoyi ba.

Dakta ya faɗa mata haka a waya, ta ce to. Washegari Sista, wato shugabar ma'aikatan gidan, ta turo masa bidiyo: ga Hajiya a sahun gaba da hijabi da takunkumi, tana ɗaga hannuwa a hankali kamar mai korar ƙudan da ba ta so ta ji wa ciwo. Da ya yi magana, sai ta ce ita ba rawa take ba, gani ta yi suna miƙa ta taya su.

3. Ka hana ta gaisuwa

Nan ne hatsarin yake. Tun kwana na uku, da gari ya waye sai Hajiya ta ja sandarta mai ƙafa huɗu ta bi ɗakuna ƙofa ƙofa. Ba ta jin Malayanci, ba ta jin Sinanci, kuma hakan bai dame ta ba. Da Hausa take yi: an tashi lafiya, ya jiki, ya gajiya, ya muka ji da wannan zamani. Ba ta matsawa sai an amsa da wani abu, ko da tari ne.

Ka kai ƙara cewa tana karya dokar ba da tazara. Dakta ya kai. Sista ta ce ta auna da kanta, daga bakin ƙofa Hajiya take ɗaga murya, ta ma fi kowa bin doka. Bayan wata guda, wani tsoho ɗan China da ya shekara bai tanka wa kowa ba, aka ji shi yana cewa lafiya lau.

4. Ka tayar mata da kewar gida

Ka sa a tuƙa tuwo da miyar kuka, ka aika mata da mai babur. Da ta ci za ta tuna akwai inda ake dafa irin wannan.

Sai dai ka lura, tsohuwar Bahaushiya ba ta cin abinci ita kaɗai ana kallonta. Hajiya ta nemi ƙananan kwanuka ta raba malmala biyu wa mutum sha ɗaya. Mako na gaba aka rubuta tuwon Hajiya a allo, ranar Juma'a. Tun daga nan Khaulah ce take tuƙa shi, kuma ba ta yafe wa mijinta ba.

5. Kada ka bari ta ji an yi rasuwa

Wannan ya fi ƙarfinka, amma ka gwada. Ranar da Mak Cik Salmah, maƙwabciyar gadonta, ta rasu, wasu mutane ne cikin fararen kayan kariya suka zo suka ɗauke ta. Doka ta hana dangi shigowa. Aka canja zanin gado, aka kunna talabijin a zauren hutawa, aka ce lokacin waƙa ya yi.

Hajiya ta sa aka kashe talabijin. Ta ce ba a mutuwa a tashi haka kamar an zubar da ruwa. Ta sa aka jera kujeru da tazara, ta zauna a ta tsakiya kwana uku tana karɓar gaisuwar matar da ba su taɓa fahimtar kalma goma na juna ba. Tsofaffi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu a keken guragu. Da yawansu nasu mamatan suka yi wa kuka, waɗanda annoba ta hana su raka.

Da labarin ya iso wa Dakta, sai tausayi ya kama shi. Kai kada ka bari tausayi ya ɓata maka shiri.

6. Ka je da kanka

Da aka sassauta doka aka yarda da ziyara ta bayan gilashi, minti sha biyar, Dakta ya shirya maganarsa tun a mota. Ya gaya mata ƙafa ta warke, jirage sun kusa fara tashi, Hureira kuma tana cewa za ta zo duba ta. Ya ce in aka same ta a nan, ba shi da bakin magana a Kano har abada. Tsoro ne fal a ransa, kuma ya faɗe shi.

Hajiya ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce a gidansa ta yi kwana arba'in, ba a rage ta da komai ba, amma daga sannu Hajiya sai kowa ya mayar da abin sauraron kwamfutarsa kunne. Nan kuwa ranar da ta makara, mutum huɗu suka aiko a ji ko lafiya.

"Hajiya, wallahi aiki ne ya yi mini yawa," in ji shi.

"Na sani, Sharfaddeen. Na gaya musu, kuma ba wanda ya zarge ka. Kowa a nan ɗansa aiki ne ya yi masa yawa."

Ta duba agogon bango, ta ce ya yi haƙuri, ana jiranta wajen ban ruwan tukwane. Ta ja sandarta ta tafi, saura minti shida a cikin lokacinsa. Ya zauna ya ƙarasa su shi kaɗai a gaban gilashin.

Sanarwa

Mai wannan jagora ya yi alkawarin tsohuwarka za ta ɗaure kayanta, bai ce gidanka za ta nufa ba. Duk abin da ya biyo baya, ko surutun dangi ne ko zama a cikin mota an kasa tayar da injin, babu ruwansa. Mai ƙorafi ya kai wa tsohuwarsa da kansa, ranar ziyara Alhamis ce.