Malam Na-Je-Bita, Garkuwan Ɗalibai Mata

Kai, Allah ya yi wa sakandaren garinmu gata da ya ba ta Malam Badamasi, mataimakin shugaba! Daga Karaye har Rogo Ruma babu wanda ya san dokar kare ɗalibai kamarsa. Shi da bakinsa ya faɗa, to wa zai musa? Ya je bita Kano kan malamai masu neman ɗalibai da lalata, ya dawo da kati rataye a wuya. Ko alwala zai yi ba ya cire shi, sai dai ya wurga shi baya. Yara suka laƙaba masa Malam Na-Je-Bita.

Ran Litinin ya tsaya gaban asambuli, ya gyara murya: "Ni ne garkuwarku! Doka ta ce a rufa asirin mai ƙorafi. Saboda haka duk wadda wani malami ke damu, ta ɗaga hannu yanzu!" Ga malamai jere a bayansa. Ko hannu ɗaya bai tashi ba. Malam ya yi hamdala, ya ce tarbiyya ta zauna.

Babban mutum ba ya aiki shi kaɗai, sai ya kafa kwamiti, ya naɗa Malam Barau mai lissafi sakatare. Cancantarsa? Shi ke goge masa babur, shi ke durƙusawa ya ce, "Allah ya ja zamanin Garkuwa." An ba kura ajiyar nama ke nan.

Barau ɗin nan shi ya hana Nuriyya 'yar aji shida sakat. Ya ce ko ta same shi a ɗakinsa, ko ya kayar da ita a jarrabawa. Yarinya har ta fara cewa gara ta haƙura da karatun. Da ƙyar ta yi ta maza ta je ofishin Garkuwa. Wa za ta tarar yana yi masa fifita? Barau.

"Faɗi, 'yata, kada ki ji komai," in ji Malam. "Daga ni sai sakatarena."

Nuriyya ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Malam ya ce kwarjini ne, manya ma sukan rikice a gabansa. Ya sa Barau ya raka ta aji. Wallahi wannan ya ƙona min rai!

Da ta koma gida ta fashe da kuka, ta faɗa wa gwaggonta Barira komai. Gwaggo ba ta tsaya wata-wata ba, ta ja ta sai ofishin ilimi na shiyya.

Da Malam ya ji baƙi na tafe daga ofishin ilimi, ya ce lambar yabo ce, dama ya san za a rina. Ya zuba babbar riga, ya ɗauko makaɗa, ya ba Barau lema ya riƙe masa. Mota ta tsaya, Hajiya Rumasa'u mai bincike ta fito da ɗan sanda.

"A ƙarƙashin jagorancina," Malam ya fara, sai Hajiya ta katse shi: "Wane ne Malam Barau?"

"Madalla! Har labarin yarona ya iso ku? Ga shi nan. Ni na zaɓo shi da idona, duk mai kuka ta gabansa take wucewa!"

"To ka biyo mu ka maimaita wannan a ofis."

Makaɗa suka saɓa ganguna. Nuriyya na leƙe ta tagar aji, littafinta a hannu, ta ga an tusa ƙeyar Barau cikin mota, ta sauke ajiyar zuciya. Malam kuwa ya tattare riga, ya rusuna: "Ranki ya daɗe, a gaba zan zauna ko?"

Ɗan sanda ya buɗe masa baya. "Nan, kusa da yaronka."