Fassarar Da Na Yi Wa Baban Rashida A Bakura

Ba zan taɓa iya mantawa da wata Asabar da na yi a Bakura ba, ko da na so, domin har yau akwai dattawan da in sun hango ni a kasuwa sai su fara dariya tun kafin mu gaisa.

A lokacin ina da ɗan shago a Talata Mafara, kusa da tasha, ina sayar da faifan fina-finai. Zamanin ne da DVD ya fara shigowa, amma yawancin gidaje tsohuwar na'urar VCD gare su, wadda ba ta karanta sabon faifai. Aikina shi ne in sa DVD a kwamfuta in juye shi zuwa VCD. Fim ɗin Indiya guda ɗaya, da yake su ba su san gajarta labari ba, sai ya cinye faifai uku. Da la'asar kuma nakan fito da talabijin ƙofar shago, 'yan kabu-kabu da masu jiran mota su taru, ni kuma in riƙa fassara musu.

To, ga gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin: ban iya Indiyanci ba, ko kusa. Akwai rubutun Turanci da ke fitowa a ƙasan hoton, ni kuma na ɗan taɓa sakandare. Sai in zauna a karkace kamar ban damu da talabijin ɗin ba, ina satar kallon rubutun da wutsiyar ido, ina juya shi da Hausa. Wata rana wani ya ce, "Kai, wanga yaro Indiyanci yaka ji!" Da na yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Sai na buɗe baki na ce ai wanda ya yi rubutun ma bai ƙware ba, sau da yawa ni nake gyara masa. (Allah Ya yafe mini, har tsaki nake ja in wani layin ya fito, in girgiza kai.) Kafin shekara ta zagayo sunana ya ɓace, kowa Tafinta yake ce mini, har daga Morai da Ruwan Gizo ake zuwa kallo.

Ana cikin haka na haɗu da Rashida, 'yar Bakura da ke koyon ɗinki a wurin gwaggonta a Mafara. Mun daidaita, Kawuna ya shirya zuwa neman aure, abu ɗaya ya rage: mahaifinta, Malam Ummaru, bai ba da izinin a turo ba. Ya ce sai ya ga yaron da idonsa. Rannan ta zo shago tana murmushi.

"Baba ya ce ka taho ran Asabar bayan azahar, kuma ka riƙo fim ɗin Indiya. Na gaya mai kana jin yaren kamar can anka haihe ka."

Mai hankali a nan zai ji gabansa ya faɗi. Ni gyara zama na yi, na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ai gida ne aka kira ni.

Na zaɓi sabon fim fil, wanda ko ni ban kalla ba, don kada a ce na kawo wa Baba tsohon yayi. Na'urar gidansu VCD ce, saboda haka na zauna juyawa ranar Juma'a. A DVD, rubutun nan ba a jikin hoton yake ba, zaman kansa yake yi, shi ya sa ake kunna shi a kashe da rimot. VCD kuwa ba shi da wurin ajiye shi. Dole tun wajen juyawa ka danna wani ɗan akwati a kwamfuta, ta manna rubutun a jikin hoton. Na san wannan sarai, ni nake koya wa masu wasu shagunan. Amma ranar hankalina yana kan gugar shadda da hular da za ta shiga da ita. Ban danna akwatin ba. Na gwada faifan farko, na ga hoto, na ji kiɗa, na zare. Su ukun kuma ban rubuta musu lamba ba, na zuba su a leda ɗaya.

Na isa Bakura ina ƙamshin turare. Na zaci ni da Baba ne kawai. Ashe ya tara abokansa dattawa huɗu a falo, maƙwabta sun cika ƙofa, mata kuma suna bayan taga, ina hango gefen mayafin Rashida. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, muka yi gaisuwa mai tsawo: gajiya, iyali, damina, mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya. Baba ya sha babbar riga kamar ranar Sallah, yana ta kallona da fara'a. Aka ta da janareta, na sa faifai, aka yi sa'a na farkon ne, na koma gefe na zauna a karkace yadda na saba.

Wani mai gashin baki ya fito a fim ɗin, riƙe da takarda, ya fara yi wa wani saurayi faɗa. Na saci kallon ƙasan hoton. Wayam. Na sake kallo, na ga takalman mai gashin baki. Na lallaɓa na danna rimot, na sake dannawa, babu abin da ya fito sai ƙarar sauti da ta ƙaru. Nan take na tuna ɗan akwatin nan da ban danna ba.

Wani dattijo mai suna Malam Sanda, manomi ne da kunnensa ya fara nauyi, ya zunguro ni da sandarsa.

"Yaro, mi yac ce?"

Wallahi a nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma na dubi taga, na dubi Baba, sai na ji bakina yana cewa, "Takardar rabon taki ce a hannunsa. Yana cewa yaron ya karɓi buhu biyu ya sayar."

"Ash!" in ji Malam Sanda. "Har can ma ana wanga zalunci?"

Shi ke nan, na kama hanya. Duk wanda ya ɗaga murya a fim ɗin, kan taki ne. Wata tsohuwa ta yi kuka, na ce gonarta ce shanu suka shiga. Dattawa suka rabu biyu, wasu na bayan saurayin, wasu na bayan mai gashin baki, har aka fara musu. Na ɗan ji sanyi a raina, na ce ashe ma rubutun ɓata mini lokaci yake yi.

Sai waƙa ta zo. Saurayin da wata budurwa suka fito cikin ruwan sama, tufafi sun jiƙe, suna zagaya bishiya. A gaban mutumin da nake neman 'yarsa! Na sunkuyar da kai har haɓata na taɓa ƙirji.

"Mi sunka ce?" in ji Malam Sanda.

"Roƙon ruwa suke yi, Malam."

"Roƙon ruwa? To ba ga ruwan nan na zuba ba?"

"An amsa ne. Yanzu godiya suke yi."

"To mi ya kai su birgima bisa tudu?"

"Suna duba ko ƙasa ta jiƙu, a fara shuka."

Malam Sanda ya gyaɗa kai, ya ce lallai Indiyawa manoma ne na ƙwarai. Baba kuwa yana jan carbi, kafaɗunsa suna ɗan rawa. (Ni a wautata na ɗauka labarin tsohuwa mai gona ne ya taɓa masa zuciya.)

Faifan farko ya ƙare, na laluba leda na ciro wanda hannuna ya faɗa kai. Ashe na uku ne. Sai ga mutane a wani gari da ba mu san lokacin da suka je ba, kowa da bandeji. Na ce rikicin takin ne ya kai su kotun gaba. Can aka harbe saurayin, ya yi dogon jawabi, wanda na fassara a matsayin wasiyya kan kada a sayar da gonar gado, ya cika. Mata suka yi salati a bayan taga. Sai sunaye suka fara hawa allon, alamar fim ya ƙare, ga kuma faifai ɗaya a hannuna kowa na gani.

"Waɗanga hwa?" in ji Malam Sanda, yana nuna sunayen da sandarsa.

"Sunayen waɗanda suka zo ta'aziyya ne."

Na sa faifan da ya rage ina addu'ar janareta ya mutu. Bai mutu ba, ban taɓa ganin janareta mai lafiya irin wannan ba. Hoton farko da ya fito, mamacin ne zaune yana cin abinci, yana dariya. Duk aka juyo ana kallona. Na ce tagwaye ne. Aka nuna shi da budurwar nan, Malam Sanda ya ce subhanallahi, ko takaba ba ta gama ba? Na ce a can kwana biyu ake yi. Gumi ya jiƙa shaddar da na ɓata yini ina gogewa, haka na yi ta jan labarin har faifan ya tsaya a tsakiyar wata magana, na ce nan ne ƙarshe, Indiyawa haka suke yi.

Aka kashe janareta. Baba ya ajiye carbi, ya juyo ya fuskance ni, ya buɗe baki. Indiyanci ne ya fito. Tiryan-tiryan, har da karkaɗa kai irin nasu, ya yi magana mai tsawo, ya ƙare da alamar tambaya, ya tsaya jiran amsa.

Jimla ɗaya tak na haddace a duniya, don na ji ta a fina-finai ya fi sau ɗari. Ban tsaya tunanin wa ke faɗa wa wa ba, na dafa ƙirji na sake ta.

"Ummaru, mi yac ce maka?" in ji Malam Sanda.

Baba ya share hawaye da hannun riga. "Na tambaye shi sunan mahaihinai. Shi ko ya ce shina so na, in babu ni ba ya iya rayuwa."

Ban san dattawa na iya dariya har su kwanta a tabarma ba sai ranar. A bayan taga na ji an ruga cikin gida da gudu, ba sai an gaya mini ko wace ce ba.

Da dariya ta lafa, Baba ya ce shekara tara ya yi yana dafa wa wani malamin makaranta Ba'indiye da iyalinsa abinci a Maradun, tun yana saurayi, a nan ya iya yaren. "Tun da sunka koma ƙasarsu ban samu wanda zan yi magana da shi ba. Da ɗiyata tac ce mini ka iya, na yi murna ƙwarai. Don kai nis sa wagga riga." Wannan maganar ta fi dariyar yi mini ciwo nesa ba kusa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ban iya ba, rubutu nake karantawa." Ya ce ai tun daga buhu biyu ya gane.

Kwana goma Rashida ba ta bi ta ƙofar shagona ba. Da na aika, sai ta ce a gaya mini ƙawayenta yanzu Amaryar Taki suke ce mata, kuma ta gode. Na riga na haƙura, sai Kawu ya je Bakura ba da haƙuri ya dawo yana danne dariya.

"Ya ce a turo. Ya ce yaron da kunya ta sa ya mai da rawa roƙon ruwa gaban manya bai gama lalacewa ba. Amma da sharaɗi: tunda ka ce wa duniya ka iya, to, sai ka iya. Kowace Asabar kana Bakura."

Shekara shida ina hawa babur ina zuwa, kafin aure da bayansa. Ya fara da sunayen kayan miya, don su ya fi sani. Yana gyara mini baki, yana ba ni labarin mutanen da ya yi wa aiki, wani lokaci ya manta da ni ya yi ta magana shi kaɗai cikin jin daɗi, har Allah Ya karɓi abinsa. Yau ina jin Indiyanci na gaske. Sai dai faifai ya mutu, fina-finan ma da muryar Hausa suke zuwa a waya, babu mai tambayata abin da aka ce, kuma wanda zan yi hirar da shi ba ya nan.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka juya fim, ka danna akwatin, ka rubuta lamba. In kuma aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tun a faifan farko, don ƙarya ba ta kaiwa na uku da lafiyarta.